Dajin Faransa da Ƙafar Surukina

Abin ya faru a zafin da ya biyo bayan shekarar da aka daina ɗaura ƙyalle a hanci, bayan iskar da ta kayar da babban itacen bayan gidanmu na Summerfield, kafin a yi mini aikin ido. Ni ban yi boko ba, da irin waɗannan nake lissafi, kuma lissafina bai taɓa ɓata ba. A lokacin ba a daɗe da sako ɗan ƙanena ba, wanda 'yan bindiga suka ɗauke a hanyar gona can ƙasarmu ta Katsina. Ku riƙe wannan, don ku san da wane kunne na ji abin da na ji.

'Yata ce ta kawo ni Amurka bayan rasuwar mahaifinta. Tana koyarwa a jami'a a nan Greensboro, kowa Dakta yake ce mata, ko da yake ba ta allura. Ita da mijinta suna da motoci biyu a gareji, amma duk Asabar sai su ɗauki kekuna, su sa hular kwano, su bi hanyoyin da ke wuce gonakin dawaki, su dawo suna gumi suna dariya. Na yi magana har na gaji. A garinmu mai keke fata yake Allah ya ba shi babur, su kuwa ci gaban mai haƙan rijiya suke yi.

Da hutu ya zo sai suka ce za su Faransa. Na zaci birnin da ake ɗaukar hoto ne. A'a, ƙauyuka. Wai akwai 'yan siraran hanyoyi masu kwalta da ke ratsa itatuwa daga wannan ƙauye zuwa wancan, sai ka wuni a kan keke ba ka haɗu da mota ba. Suka cika mini firji, suka bar ni amana wajen wata tsohuwa 'yar Jos da ke zaune da ɗanta a layin bayanmu. Ita coci take zuwa, ni masallaci, amma tukunyarmu kusan ɗaya ce.

Kwanakin farko lafiya. Kullum yarinyar nan takan aiko mini murya a waya, tunda ta san ba na karatu. Ta ce itatuwa sun haɗe kai a sama kamar rumfa, ƙasa kuwa sanyi da ƙamshin ganye. Ta ce ƙauyen bai wuce coci ɗaya da mai burodi ɗaya ba, shi ma da tsakar rana ya rufe ya tafi barci. Shanu sun fi mutane yawa. Har ta ce ruwan sha a famfon maƙabarta suke ɗiba, don nan kaɗai ake samu. Wannan ban so shi ba. Wata rana da sabis ya ƙi, da wayar masaukin da suka kwana ta kira ni.

Ranar da nake ba ku labari, da hantsi, ina gyaran wake a kicin, saƙo ya shigo. Na danna. Muryarta ce, tana haki, maganar tana yankewa:

"Mama... muna cikin daji tun safe... babu kowa... mutanen sun tafi da kayanmu... ƙafarsa ta lalace, ba ya iya tafiya... kada ki..."

Shi ke nan. Na sake dannawa, na sake ji. Kwanon wake ya zame daga cinyata.

A wajenmu yanzu, in aka ce mutum yana daji, ba a tambayar me ya je yi. Kuma ɗan ƙanena, ranar da ya dawo, ya faɗa mini da bakinsa: "Gwaggo, wanda ƙafarsa ta gaza, ba sa jiransa. Nan ake gamawa da shi." Na kira lambarta, wata mata ta yi mini Turanci. Na kira ta mijin, haka. Sai na tuna ba a damun wayar wanda ke hannunsu, kada su fusata. Na ajiye ta kamar garwashi.

Ban san yadda na tsallaka layi ba. Na tarar da 'yar Jos tana ban ruwan tumatir.

"Hajiya, yau ba mayafi? Wa ya kore ki?"

Na miƙa mata wayar. Ta ji, ta saki tiyo yana zuba a kan ƙafarta. Su ma an ƙone ƙauyen kakanninta, ba sai na yi mata bayani ba.

"Yesu! Amma Hajiya, Faransa fa. Ƙasar Turawa."

"Ƙasar Turawa ba ta da mugu? Daji daji ne."

"Mu kira 'yan sanda."

"Kada ki soma. Ta ce kada ki, ba ki ji ba? Kada ki faɗa wa hukuma, shi take nufi. Haka suke sa su faɗa."

Ita ce ta tuna da Alhaji. Mutumin Nijar ne, tsohon direban babbar mota, yana zaune McLeansville, shi ke yanka mana rago da salla. Yana jin Faransanci kamar ruwa. Ta kira shi, ya ce ga shi nan. Muka dawo gidanmu ni da ita, muna jiransa. Daga gabashin gari zuwa wajenmu tafiya ce, ni kuwa ina kallon inuwar baranda tana matsowa. Na san rana a can tana riga tamu faɗuwa. Mu hantsi, su la'asar. Kafin mu yi azahar, duhu ya fara neman su.

Alhaji ya iso da hularsa a karkace. Ya fara gaisuwa, na katse shi, abin da ban taɓa yi wa babba ba. Ya saurari saƙon, ya shafa gemu.

"Hajiya, ni na san mutanen nan. Dajinsu ba irin namu ba ne, ko kura babu."

"Alhaji, ka taɓa shiga?"

"Ban taɓa ba."

"To."

Bai ƙara musu ba. Ya ce ko akwai wata lamba ta can. Na nuna masa ta masaukin da ta kira ni da ita jiya, na gane ta don ta fi sauran tsawo. Ya kira, ya buɗe murya don mu ji. Wata yarinya ta ɗauka. Ya yi ta zuba, alo madam, wi wi, yana nuna keke da hannu kamar tana ganinsa. Ya juyo.

"Ta ce ita yau ta kama aiki, mai gidan ta tafi kasuwa. Masu keke da yawa sun kwana sun wuce. Ba za ta duba kwamfuta ba sai da cikakken suna."

"Ka ce mata baƙaƙe biyu, mace da miji."

"Na faɗa. Ta ce na'ura ba ta san launi ba."

Ya ba da sunan surukina, babu. Ashe da sunan matar aka kama ɗakin. Alhaji ya dubi 'yar Jos.

"Ni Dakta na sani," in ji ta.

"Ni ma matar Malam na sani. Hajiya, sunanta na yanka, wanda ke fasfo."

Suka zuba mini ido.

Yarinyar nan 'yar farina ce. Tun ranar da liman ya raɗa mata suna bai taɓa fita daga bakina ba. Haka uwata ta yi da yayana, haka kakata ta yi. Ko wata mai irin sunan na haɗu da ita, sai in ce mai sunan yarinyar nan. Da tana ƙarama ta faɗi a gaban mutane, ban ɗaga ta ba, kishiyar hankali ce uwa ta nuna ɗan fari ya dame ta. Wannan ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kuma da ita aka san 'yar mutunci.

"Hajiya, yarinyar za ta ajiye waya," in ji Alhaji.

"Ke 'yar Jos, ki lissafo sunayen matan Annabi, in kin zo kansa zan ɗaga hannu."

"Ni? Ina na san su? Haba Hajiya, yau ranar wasan 'yar ɓoyo ce? Buɗe baki!"

Na dubi inuwar baranda, ta taɓa matakala. Na juya musu baya, na fuskanci bango, na faɗa. Muryar da ta fito ban san ta ba. Alhaji bai ji ba, sai da na maimaita da ƙarfi, har da sunan ubanta.

Muka ji yarinyar tana danne-danne. Ta ce e, sun kwana, sun fita da safe. Ta ce jira, za ta tambayi masaukin gaba inda ake sa ran su. Muka jira. Ta dawo. Alhaji ya saurara, ya ce dakor, a hankali, ya kashe waya. Bai dube ni ba.

"Faɗi."

"Jakunkunansu sun isa tun rana. Su ba su isa ba. Duk waɗanda suka fita tare da su sun isa."

"Wa ya kai jakunkunan?"

"Wai akwai masu mota da aikinsu ke nan."

Ni ban ji wannan ba. Abin da na ji, kaya suna hannun wasu, masu kaya ba labari. Alhaji kansa yanzu ya daina cewa ko kura babu. Ya ce in duhu ya yi ba su fito ba, masaukin zai kira jandarmomi, 'yan sandan can, ko ina so ko ba na so. 'Yar Jos ta durƙusa a tsakar falo tana addu'arta, ni na ja carbi ina tawa, babu wadda ta ce wa wata sassauta. Na cire 'yan kunnena na zinare na tura ƙarƙashin matashi, don an ce wani lokaci sukan kira da hoto su ga yadda gidanku yake. Na ce Alhaji ya tashi daga kan kujerar fata, mu koma gareji. Suka bi ni, shi da 'yar Jos. Muka zauna a kan bokitai, tsakanin injin yankan ciyawa da tsofaffin tayoyi, wayar tana kan cinyata.

Aka yi azahar, ban san me na karanta ba.

Sai ta yi ƙara. Baƙuwar lamba, doguwa. Alhaji ya miƙo hannu, na hana shi. Uwa suke nema. Na danna. Muryar namiji, kakkaura, ga ƙugin inji a bayansa, yana magana da sauri da ƙarfi.

Na ce, "Ranka ya daɗe, don Allah don Annabi. Mu talakawa ne. Ni tsohuwa ce, gwauruwa, wanke-wanke nake yi a gidan mutane. Keken ma aro suka yi. Mijin nan nata ba shi da kowa, kada ku taɓa shi, in ba ya iya tafiya ita za ta goya shi, tana da ƙarfi..."

Mutumin ya ce alo? Alhaji ya fizge wayar. Ya saurara. Na ga gemunsa yana rawa, na ce shi ke nan, an gama. Ya dafa bango. Ashe dariya ce ta shaƙe shi.

"Hajiya, shugaban 'yan bindigar ya ce a gaishe ki. Manomi ne, ya tsufa ya fi ni. Ya tsince su a bakin hanya suna tura keke, ya ɗora su a bayan tarakta. Yana tambaya ko suna cin cuku."

Sai ga muryarta. "Mama? Ba ki ji saƙona ba? Na ce kada ki damu in kin ji mu shiru."

"Ƙafarsa fa?"

"Ta baya ce, ta faɗa rami ta lanƙwashe, taya ta fashe. Kayan faci kuma mun manta su a jaka, motar masauki ta wuce da su."

"Ta baya? Mijin naki ƙafa nawa gare shi?"

"Ƙafar keke, Mama!"

'Yar Jos ta zauna daɓas a ƙasa, tana kuka tana dariya. Ni ban yi ko ɗaya ba. Na ce wa yarinyar nan duk wanda ya koya mata Hausa ya cuce ta, kuma ni ce na koya mata, saboda haka laifin boko ne. Mutum ya ce yana daji, an tafi da kayansa, ƙafa ta lalace, a je a tambayi kowace uwa daga Katsina har Maradi me za ta ji.

Alhaji ya karɓa ya ba ta labari, bai rage komai ba. Da ya dawo mini da wayar, sai na ji muryarta cikin ƙugin tarakta.

"Mama, wai kin faɗi sunana?"

"Alhaji kunnensa ya tsufa."

"Sake faɗa in ji. Sau ɗaya."

"Ki ba wa mutum wayarsa, kina cinye masa kuɗi."

Na kashe. Sannan na shiga banɗaki na rufe ƙofa, na daɗe ban fito ba.

Alhaji ya rasu bara, a McLeansville, Allah ya jiƙansa. Har ya bar duniya in ya gan ni sai ya ce ina wanke-wanke. 'Yar Jos tana nan, gwiwa ta hana ta tumatir, amma bakin bai gaji ba. 'Yata da mijinta suna nan, sun koma Faransa har sau biyu. Tsohon manomin ne ban sani ba. An ce ya sayar da shanunsa ya koma wajen ɗansa a birni. Ina sa shi a addu'a bayan sallar asuba, mai tarakta nake ce masa, Allah ya san wanda nake nufi.