Ɗan Akuyar da Ya Tafi Coci

Katanga ɗaya ce tsakanina da Madam, ita ma ta zube daga gefe tun wata damina, ba wanda ya damu ya gyara. Ita Ibo ce, Kirista, mijinta na sayar da kayan gyaran babura a bakin tasha. A shekarun nan ne aka ƙaddamar da Shari'a, Daura ta cika da wa'azi, wasu 'yan uwansu suka tattara suka koma kudu, su kuwa suka zauna. Da hantsi takan yi wanki tana rera waƙar cocinsu a hankali, ni ina tankaɗe. Ban san me take cewa ba, amma sai in ga hannuna yana bin waƙar. Har yau in na tuna unguwar nan, da muryarta take zuwar mini, da ƙamshin sabulu.

Ta daɗe da aure, ko ɓari ba ta taɓa yi ba. Ba ta zancen, amma in ta goya autana sai na yi da gaske take sauke shi.

Akuyata ce ta ƙulla zumuncin. Ja ce, mai taurin kan tsiya, kullum sai ta tsallaka ta wurin zubewar nan ta je cin ɓawon doya. Da na gaji da kora na ce, "Madam, tunda ke ta zaɓa, riƙe ta kiwo." A wajenmu kowace mace ta san ƙa'ida: haihuwar fari ta mai akuya ce, ta biyu ta mai kiwo. Ban taɓa zaton akwai wadda za a yi wa bayanin wannan ba.

Akuya ta haifi namiji, fari, da ɗigon baƙi a goshi. Madam ta mai da shi ɗan gata, har wanka take masa, mu muna leƙe muna dariya. Ni kuwa tuni na ware shi a raina don layya.

Ana nan wani mai wa'azi ya zo cocinsu daga kudu, aka ce yana annabci. Ya dafa kanta ya ce ta ba Allah ɗan farin abin da take kiwo, baɗi war haka tana da goyo. Ban san da wannan ba sai da Lahadi ta wuce, na daina jin kukan ɗan akuyar. Na yafa mayafi na shiga da faɗana a baki.

"Madam, ina ɗan akuyana?"

"Naki?" in ji ta. "Na kai shi coci, na yi baiko, na ba Allah."

Na zayyana mata ƙa'idar kiwo. Ta lalubi turmi ta zauna, hannunta duk kumfa.

"Hajiya, in ba nawa ba ne, to ban ba Allah komai ba. Kayan sata na kai masa."

Faɗan ya gudu, tausayi ya kama ni. Dabbar da na yi niyyar layya da ita tana coci, a lokacin da kowa ke auna abin da ya halatta. Na san in na tambayi malam zai ba ni amsa, shi ya sa ban tambaya ba.

"Naki ne, Madam," na ce. "Na ba ki halak malak."

Daga nan muka shiga jira mu biyu. Nakan saci kallon ɗaurin zanenta, in ta sayi tsamiya in yi ta murna a ɓoye. Damina ta zo, gero ya yi kai, aka girbe, aka sake shuka. Shiru.

Wata la'asar Madam ta jingina da katangar, ta daɗe tana kallon kajina.

"Hajiya, ranar nan, da zuciya ɗaya kika ba ni?"

"Wallahi da zuciya ɗaya."

Ta gyaɗa kai. "To, laifin daga wajena ne ke nan."

Bayan wannan ban ƙara jin waƙa da hantsi ba. Ba a daɗe ba dangin mijin suka matsa musu, ita da shi suka koma kudu. Ta turo mini akuyar ta wurin zubewar katanga, da ciki tsoho. Mace ta haifa, rabon Madam. Ban sayar ba, jikokin 'yar akuyar ne ke cin harawa a tsakar gidana yanzu, yara na kiran su awakin Madam ba tare da sun san ko wace ce ba.

In gyangyaɗi ya ɗauke ni da rana a gindin darbejiya, nakan gan ta tana wanki da goyo a baya. In na zagaya don in ga fuskar yaron, sai katangar ta yi ta tsawo, har in farka.

Gaskiya na faɗa mata, na sani. Amma da na ce mata a'a, raina bai so ba, da ta tafi tana jin haushina, ta bar kanta ta huta.