Falwayar Da Na Hana A Cire

Lokacin da abin nan ya faru, ni matar gida ce a unguwar Badariya ta Birnin Kebbi, ina sayar da ƙanƙara da zoɓo daga cikin gida, ban taɓa taka ofishin gwamnati ba. Maigidana dillalin shinkafa ne tsakanin Argungu da Birnin Kebbi, har ranar da hawan jini ya kayar da shi, ɓarin jikinsa ya shanye. Mutum ne mai jiki, ga tsananin kunya. Abin da ya rufa mana asiri shi ne ƙaninsa kan shigo da mota har bakin ɗaki, mu sa shi ciki a tafi asibiti gashin ƙashi, ba wanda ya ga halin da yake ciki.

Sai ƙaramar hukuma ta kawo fitilun sola. Ranar haƙa ramuka babu namiji a gidan sai shi, yana kwance. Na ji ƙarar diga a ƙofarmu, na leƙa na ga maza dam, har da mai unguwa. A yadda aka rene mu mace ba ta fita ta tsaya cikin maza tana musu, sai na koma na zauna. Kafin ƙaninsa ya dawo daga Argungu an dasa falwaya a tsakiyar bakin get, an zuba mata uban siminti. Daga baya na ji an matso da ita ne don hasken ya faɗa kan majalisar wani mai faɗa-a-ji da ke kallon gidanmu.

Daga nan mota ba ta sake shiga ba. Sai a naɗo maigidana a bargo, maƙwabta su cicciɓo shi zuwa titi, 'yan majalisa suna ta sannu-sannu. Wallahi na ga hawayensa, mutumin da ko da ya faɗi bai yi kuka ba. Wata rana zaninsa ya zame a gabansu. Tun ranar ya ce ya gama zuwa asibiti, kuma bai sake zuwa ba.

Mai unguwa ya ce in yi haƙuri, aikin gwamnati ne. Na ce haƙurin ya ƙare. Na zura hijabi na tafi sakatariya da ƙafata. Wani jami'i ya tambaye ni ina namijin gidan, na ce masa yana bayan ƙarfensu, in yana son ganinsa ya zo ya tayar da shi. Ya yi dariya, wai gata aka yi mana, wasu roƙon fitilar suke. Na yi ta sintiri har masu gadi suka sa mini suna Hajiya Falwaya. Su dai suka sani! Kullum sai a ce ana dubawa.

Ana cikin dubawar Allah ya karɓi abinsa. Ina ɗaki na ji hayaniya a ƙofa: makara ta ƙi fita daidai, sai da aka karkata ta, kuma mai majalisar nan yana cikin masu riƙo. Ban gama takaba ba sai ga ma'aikata da diga, wai an ba da umarnin cirewa. A karon nan na fito, na tsaya cikin mazan, na ce ko tsinke ba za a taɓa ba. Wanda zai shiga motar ya tafi. A bar ta nan, duk wanda ya zauna shan haskenta ya tuna yadda aka fitar da mijina.

Ban ce falwaya ta kashe shi ba, kwana ne ya ƙare. Amma ta cinye masa mutunci yana raye, kuma wanga abu ba zan yafe ba. 'Yan uwana mata, duk ranar da kuka ji diga a ƙofarku, ku fito tun simintin bai bushe ba. Masu cewa kun yi rashin kunya ba su ne za su ɗauki mara lafiyarku ba.