Fos ɗin Ranar da Yaya Ya Rasu

Na koyi rubutun bulog ne a wani zaure a Sagnarigu, wajen wani matashi mai matsattsen wando wanda wata ƙungiya ta aiko ya wayar mana da kai. Ya ce bulog tamkar rumfarka ce a intanet. Duk abin da ka rubuta ka baje a cikinta, sunansa fos. Kafin ka baje shi ana ce masa diraf, wato yana ɗaka ba wanda ya gani, sai ka danna fablish sannan duniya ta gani. Mai karatu in ya ga dama ya bar maka komen a ƙasa, in kuma ya yi sabskiraib, duk sanda ka saki sabo wayarsa za ta yi ƙara.

"Amma sai da konsistensi fa, Hajiya," in ji shi. "Kullum fos, ko kana da malariya."

Na koma gida Kasalgu ina jiran duniya. Duniyar da ta zo mutum ɗaya ce, 'yar yayana da ke aure a Kumasi. Kullum da safe nakan rubuta abin da ya faru a unguwa, wa ya yi faɗa da mai koko, akuyar wa ta ci shanyar wa, ita kuma kafin hantsi ta bar komen. A gida kuwa an mai da ni abin dariya. Babbar yayarmu takan ce wa baƙi, "Kar ku dame ta, tana yi wa Turawa wa'azi."

Yayan namu ya rasu wata safiya bayan asuba, bayan jinyar da kowa ya ɗauka ta ƙare. A wajenmu ba a gaya wa na nesa mutuwa a waya, balle mace mai ciki da za ta hau mota ita kaɗai. Wani dattijo aminin marigayin ya kira 'yar tasa ta Kumasi ya ce jikin Baba ya ɗan motsa, yana son ganinta, ta taho a hankali. Ta ce to, ta nufi tasha.

Muna zaune a tsakar gida, mata sun cika ko'ina, sai saƙonta ya shigo wayata: "Gwaggo, yau babu fos? Lafiya dai?"

Na nuna wa babbar yaya. Ta goge ido da gefen mayafi ta ce, "Tashi ki rubuta. In ta ji shiru za ta gane, kuma hanya da nisa."

Haka sana'ar da aka raina ta zama aikin dangi. Na shiga ɗaki, editoci masu gyaran rubutu suka biyo ni. Matan da ba su taɓa karanta layi ɗaya nawa ba, yau kowacce ta ƙware. Wata ta ce in sa abin dariya. Wata ta ce kar ya yi yawa, ba kyau, gawa na gida. Wata ta ce in fara da addu'a, babbar yaya ta ce a'a, addu'a ce za ta tona mu, tun yaushe wannan take fara magana da addu'a?

Na rubuta labarin wata maƙwabciya da kwandon zabinta ya buɗe a kan babur a hanyar Jisonayili, ta bi su da gudu har ɗankwali ya faɗi. Ta taga ina jin ana zuba ruwan wankan yayana. Ban taɓa tsanar wani aiki kamar wannan ba, kuma ban taɓa yin rubutu mai daɗinsa ba. Na karanta musu diraf ɗin, wata ta yi dariya ta toshe baki. Na danna fablish.

Ba a jima ba komen ya shigo. "Gwaggo, ka kashe ni da dariya cikin bas, kowa na duba na. Hankalina ya kwanta. Ka ce ma Baba na sayo mashi burodi a hanya."

Na amsa mata da Allah ya kawo ki lafiya. Daga nan na kife wayar na yi kukan da aka hana ni tun safe.

An jira ta har bayan la'asar, malamai suka ce ba za a ƙara ba, aka kai shi. Ana gab da magariba yalo-yalo, keken haya mai ƙafa uku, ta sauke ta a bakin layi. Ta ga rumfunan kanofi, ta ga kujerun roba, ta ga maza jere a kan tabarmi. Ta tsaya da ledar burodi a hannu. Mu muka fita tarbarta, ni da babbar yaya, muka riƙe ta ta kowane gefe. Ta iso lafiya, ita da cikinta, abin da muka nema ke nan.

Ba ta yi ihu ba. Ta juyo ta dube ni, ta daɗe tana dubana, sannan ta ce, "Gwaggo, ka iya rubutu."