Yadda likitocin Yaya suka raba ni da dillanci

Shekara talatin ina dillancin gidaje a cikin birnin Zazzau, kuma abin da na fara koya shi ne kada mai saye da mai sayarwa su ji bakin juna kai tsaye. Wannan ya ce gida kango ne, ni in kai wa wancan cewa an yaba, sai dai ana son ɗan gyara. Da haka na ci abinci, ban taɓa jin kunya ba.

Da ciwon karkarwa ya kama yayana, sai na shiga jinyar da sana'ata. Yaya yana zaune a unguwar Limancin Kona, masallaci yana kallon zaurensa, amma sai da ta kai ƙafafunsa suna manne wa ƙasa, ya koma sallah a ɗaki. Rashin jam'in nan ya fi rawar hannun ci masa rai.

Mutum uku ke duba shi. Akwai likitar jijiya a babban asibiti, wadda muke gani duk bayan wata uku. Akwai mai motsa masa gaɓoɓi, yana zuwa gida Talata da Asabar. Sai Hajiya mai kemis a Ƙofar Gayan, tsohuwar nas, inda nake sayen magani. Ba wanda ke magana da wani, ni nake kai saƙo.

Mai motsa gaɓoɓi ya ce, "Alhaji, ka gaya wa likita maganin nan ba ya kai shi la'asar, sandarewa yake kamar itace." Na je na ce, "Likita, da sauƙi, sai ɗan nauyin jiki da yamma." A ganina ba ladabi ba ne in ce wa mai wannan ilimi maganinta ya gaza. Ita kuma ta ce a sha ƙwayar kafin abinci, kada a haɗa ta da nama ko nono. Yaya kuwa da fura yake kora komai. Na sassauta, na ce, "Yaya, an ce ka ɗan rage nono." Da Hajiya ta ce irin wanda aka rubuta ya yanke, a tambayi likita kafin ta ba da wani, na ce, "Hajiya, ba ni kawai, ai ba za ta ƙi ba."

Ranar komawa asibiti, Yaya ya kafe a bakin ƙofar ofis, ba gaba ba baya.

"Baba, tun yaushe kake haka?" in ji likita.

"Wata biyu, 'yata. Ai ya gaya miki."

Ta juyo ta dube ni. "Alhaji, me kake sayarwa?"

"Gidaje, likita."

"Na ga alama. Ba ni wayarka."

A gabana ta kira mai motsa gaɓoɓi, ta buɗe murya. Bawan Allah bai rage komai ba, har furar sai da ya faɗa. Ta kira Hajiya, suka yi ta sunayen magunguna da Turanci, can sai Hajiya ta ce, "Tsaya, ba ke ce 'yar siririyar nan da ta zo koyon aiki ɗakinmu, tana tsoron allura ba?"

"Ni ce, Mama," in ji likita, tana dariya.

Kafin mu tashi sun karɓi lambobin juna, sun shirya duk Asabar mai motsa gaɓoɓi ya turo musu hoton tafiyar Yaya mai motsi.

"To ni fa?" na ce.

"Kai ka riƙa kawo shi. In na yi tambaya, shi zai amsa."

Aka rarraba masa lokutan shan magani, aka mayar da fura bayan isha'i. Aka koya masa ya riƙa ƙirga takunsa a fili in ƙafa ta kafe. Mako na uku, da aka kira la'asar, ya ce a miƙo masa hularsa. Na bi shi a baya, yana ɗaya, biyu, ɗaya, biyu, har bakin masallaci. Ladan ya fito yana murna, ni kuwa bakina ya riga ni.

"Ai Malam ya warke sarai!"

Yaya ya dafa bango yana cire takalmi. "Ban warke ba," ya ce wa ladan. "Na dai iso. Rabu da shi, so yake ya sayar da ni."