Ƙwayoyin da Suka Haɗa a Faranti Ɗaya

Ni ban taɓa son ƙwallon kwando ba, amma duk watan Maris sai an mayar min da falo gidan kallo. Gasar jami'o'i ce, irin wadda in aka ci ka sau ɗaya sai ka tattara ka koma gida. Maigidana direban tasi ne a nan Bronx, unguwar da muke zaune a ƙasar waje, bai taɓa taka ƙofar ko ɗaya daga jami'o'in nan ba, amma in ka ji ihunsa sai ka rantse ɗan cikinsa ne ke riƙe da ƙwallon. Abokin kallonsa wani mutumin Nijar ne mai sayar da huluna da tabarau a bakin titi. Tun kafin a auro ni suke tare.

Su biyun ciwon ƙoda ya kama, kamar sun yi shawara. Asibitin da suke zuwa ya sa su cikin gwajin wani sabon magani. Likitar ta yi mana bayani tiryan-tiryan: tsohon maganinsu yana nan, sai dai za a ƙara musu ƙwaya ɗaya kullum. Wasu za su samu ta gaske, wasu kuma holoƙo, ƙwayar da babu komai cikinta sai kama. Kwamfuta ke zaɓa, likitar kanta ba ta san wa ya samu wacce ba. Na ce, "Likita, mutum yana ciwo ku ba shi gari ya haɗiya?" Ta ce in ba haka ba, babu yadda za a san ko maganin yana aiki. Ni dai ban yarda ba.

Sai Allah ya dube mu. Kumburin ƙafar maigida ya saɓe, takalminsa ya koma shigarsa, yana hawa benenmu ba ya tsayawa haki. Shi kuwa abokin sai ƙara kumbura yake yi. Ba wanda ya furta, amma kowa ya gane inda ta gasken ta faɗa. Na yi sadaka, kuma ban ji kunyar murnata ba. Ƙwayar nan ce kaɗai ke tsakanin mijina da injin wankin ƙoda.

Da sanyi ya fara ja da baya sai ƙafar maigida ta sake kumbura. Na rage gishiri, na hana shi tsire, duk a banza.

Wata Asabar da rana suna kallo, wasa ya ɗau zafi, na fito daga kicin da tiren shinkafa da wake. Sai na ga faranti a kan tebur tsakaninsu. Maigida ya juye kwalbar ƙwayoyinsa a ciki, ya juye ta abokin, yana cakuɗawa da yatsa idonsa na kan talabijin. Sannan ya shiga rabawa, ɗaya nan, ɗaya can. Da ganin hannun ka san ba ranar ya fara ba.

Ban san lokacin da tiren ya bar hannuna ba. Ya wuce ta saman kawunansu ya daki talabijin, gilashin ya tarwatse, miya ta bi bango. Na yi kan abokin da ludayin ƙarfen da na riƙo. Na farko a kafaɗa, na biyu a gira. Jini ya ɓalle, ya rufe masa ido ɗaya.

"Macuci! Azzalumi! Kana cin tuwona, kana cin ran mijina?"

Ko hannu bai ɗaga ya kare kansa ba. Ya ce, "Hajiya, wallahi ban roƙe shi ba."

Maigida ya damƙe wuyan hannuna ya murɗe har ludayin ya faɗi. Na gantsara masa cizo a dantse. Ya hankaɗa ni na bugu da hannun kujera, tebur ya kife, ƙwayoyi suka watse cikin shinkafa da fasassun gilashi. Tunda ya aure ni bai taɓa ɗora min hannu ba sai ranar. Hoton talabijin ya mutu amma muryar tana nan, 'yan kallo suna ta sowa, maƙwabciya kuma tana dukan bango.

"Ke kina da hankali kuwa?" in ji maigida, yana haki. "Mutumin da muka kwana ɗaki ɗaya, muka ci kwano ɗaya lokacin da ba mu da kowa a garin nan, in zauna gabansa in haɗiyi magani shi ya haɗiyi gari? A gidanku haka aka koya miki?"

"A gidanmu ba a koya min in shiga takaba ina ji ina gani ba!"

Ya durƙusa da ƙyar, abokin ma ya durƙusa da hula danne a goshi, suka shiga tsintar ƙwayoyin cikin gilashi suna hurewa. Na tsaya ina kallonsu ina kuka, don haushi da tsoro.

Ranar komawarsa asibiti na bi shi. Na zayyana wa likitar komai, har da dukan tebur. Na ce, "Ku kuka haɗa wannan masifar! Kun sa na gaske da na banza tsakanin aminai biyu, kuka ce kowa ya kama nasa. To yanzu ku cika wa mijina kwalbarsa da na gasken." Ta saurare ni har na gama, fuskarta ta canja. Ta ce tunda an cakuɗa, dole a cire su daga gwajin, su biyun. Na ce to ko gaya min ta yi wacce aka ba shi tun farko. Ta ce ba za a sani ba sai gwajin ya ƙare. Nas ta zo ta karɓe kwalbar daga hannunsa.

A tashar bas ya zauna, ni na tsaya. Bas ta zo ta wuce, bai motsa ba.

"Dā ina da rabi," ya ce, bai dube ni ba. "Shi ma yana da rabi. Ki je ki gaya masa da bakinki yanzu ba mu da komai."