Injin Kaɗa Hanta

Dakko zuwa Bakura

Ƙarfe shida saura kwata na bar Dakko, ana idar da sallar asuba, ko koko ban kurɓa ba, don an ce kowa ya zo da yunwarsa. Ni da ko ƙofar gida ba na son leƙawa, sai ga ni bayan mashin ɗin maƙwabcinmu, katin asibiti a ƙulle bakin zane. Mu masu ciwon suga da hoto ya nuna kitse a hantarmu, an ɗebi jininmu mako biyu baya, aka ce mu dawo Laraba, za a kawo injin da ke auna taurin hanta ba huda ba yanka. A da sai an soka doguwar allura an ciro ɗan yanki, in ji su.

Bakura zuwa Mafara

Bakwai da minti goma mota ta cika. Shingen sojoji biyu muka wuce. Direba ya miƙo ƙosai, na ce alhamdu lillahi.

"Inna, azumi ran Laraba?"

"Na likita ne, ɗan nan. Ba lada, sai yunwa."

Talata Mafara

Takwas da rabi na shiga asibiti. A bencin farko na tarar da Yaya Hajo, wadda nake bi, mai aure a Faru ta ƙasar Maradun, ita ma suga gare ta. Sabon leshi ruwan ƙwai, jiki luwai-luwai. Tun muna yara haka muke: ita ce mai jiki, ita aka kai Makka, ni ina nan kamar karan dawa. Muka gaisa har kan awaki, idona na kan leshin.

Wata nas, Sista Rifkatu, ta kira ni. "Mama Kulu, an haɗa shekarunki da abin da jini ya nuna, lissafinki ya yi ƙasa. Ba sai kin hau inji ba. Baɗi a sake dubawa."

Na Yaya kuwa ya yi sama, aka ce ta shiga.

Na ce, "Ɗiyata, ni mi na yi? Tun Dakko na taho da yunwa."

"Ƙasan shi ne mai kyau, Mama."

Ban yarda ba. Tun da nake ban taɓa jin inda ƙasa ta fi sama ba. Na ɗauki mayafin Yaya na bi ta, wai riƙo, alhali ido na kai.

Ta kwanta rigingine, hannun dama ƙarƙashin kai. Likita ya shafa wani mai tsakanin haƙarƙarinta, ya ɗora abu kamar tocila. Sai ka ji dum, kaɗan, kamar an ƙwanƙwasa ƙwarya. Na ƙirga goma.

"Kulu, yau kam an kaɗa mini hanta da gaske," in ji Yaya.

Likita ya yi dariya. Da ya dubi allon injin, sai ya daina. Ya ja mata kujera, ya ce in jira a waje. Minti ashirin suka yi, ni da ko minti biyu ba a ba ni ba. Ta fito da takarda mai hatimi, wai ta je babban asibiti a Sakkwato. Sakkwato ma ita.

Mafara zuwa Faru

Ƙarfe ɗaya na sayi shinkafa da wake bakin tasha. Yaya da ba ta barin kwano da saura, loma biyu ta yi. Biyu da rabi muka hau mashina, na raka ta, gabanin la'asar muna Faru.

Muna zama kan tabarma abin ya kuɓuce mini. "Yaya, ke ko ciwo ma naki ya fi nawa girma."

Ta miƙo takardar. "Amshi, in ana musanya. Ya ce kitsen ya fara barin tabo, hantar ta yi tauri. In an tare da wuri, da dama. In an bari..." Ta dube ni. "Kin tuna yadda cikin Baba ya kumbura kafin ya rasu?"

Nan tawa hantar ta kaɗa, ba da inji ba.

Faru zuwa gida

Da safe ta naɗe leshin ta ɗora a cinyata. An ce ta rage jiki, ta bar mai da lemon kwalba, don haka wai zai yi mata yawa, in kai wa tela ya rage mini. Tun jiya nake son shi, ba zan ɓoye ba. Na mayar cikin akwatinta, na ce sai mun dawo Sakkwato, tunda ni zan riƙe mata mayafi can ma.

Tara na bar Faru, azahar ta yi mini a Dakko. Na gode wa Allah da ya maido ni lafiya, na gode wa Sista Rifkatu da ta jure bakina. Ku sa Yaya Hajo a addu'a. Leshin nan har yanzu yana raina, amma a jikinta na fi son ganin shi.