Ranar da Tela Ya Amsa wa 'Yarsa

Tela maƙwabcina ne, katanga ɗaya ta raba mu, har minsharinsa na haddace. Tun haƙorana suna cike yake ɗinki a shagon ƙofar gidansa. Mutumin kirki ne, aibinsa ɗaya: ba ya bari ka ƙarasa magana. Kana cewa "ina son riga mai..." ya riga ya sa almakashi. Tun rasuwar matarsa daga shi sai Auta, yayyenta duk sun watse.

Bana ma'aikatan lafiya suka kawo wa 'yan makarantar su Auta tambayoyi. Duk wanda amsarsa ta nuna matsala, nas za ta duba shi. Aka ba da zaɓi: a cika a takarda cikin aji, ko a waya a gida. Tela ya ce 'yarsa ta wuce takarda. To, wayar gidan ɗaya ce, kuma a aljihunsa take kwana.

Na shiga karɓar wandona na tarar yana karanto tambayoyin da ƙarfi, masu jiran ɗinki a kan benci, Auta a tsaye tana murɗa bakin mayafi.

"Kina shan taba? A'a. Kina samun abinci? Har da ƙari."

Na ce, "Tela, kai ne ɗan makarantar? Ai furfurar nan ta tona ka."

"Kai dai wando ya kawo ka."

Sai ya karanto: "Kina jin jiri, ko kin taɓa faɗuwa?"

Dariyata ta ɗauke. Makon jiya yarinyar nan ta zube a bakin famfo, matata ce ta yayyafa mata ruwa. Ta roƙe mu kada Babanta ya ji, wai hankalinsa zai tashi. Yanzu ta ɗago ta kalle ni, ta kalli mutanen benci. Yatsan Tela na kan "a'a".

"Baba..."

Ya danna, ya tura.

"Baba, ina faɗuwa. Ba sau ɗaya ba."

Tela ya shiga goga fuskar wayar da babban yatsa, sama, ƙasa. Ya miƙo mini: "Dawo da amsar!" Ni da sunana ma da ƙyar nake rubutawa. Amsa ta riga ta tafi, ta ce yarinya lafiya lau, ba mai kiranta.

Washegari bai buɗe shago ba. Ya ja ni muka raka ta makaranta, ya roƙi nas takarda. Ta ba Auta takarda da fensir, ta nuna mana ƙofa. Ya nufi taga, na riƙo rigarsa.

Muka tsaya a rana har gumi ya jiƙa mu. Can nas ta leƙo ta ce, "Baban yarinya, nemo abin hawa. Yau za a auna jininta, ba gobe ba."